Allurar bishiya: shekara 5 ina biyan kamfani su yi wa ash ɗin ƙofar gidana maganin ƙwaro, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Tun watan jiya wasu 'yan uwa biyu da suka sayi gida a nan yankin Miniyapolis, jihar Minisota ta Amurka, suke damuna da tambaya, wai allurar nan da ake yi wa bishiya gaskiya ce ko dai wata hanyar tatsar mutane ce kawai. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba wanda ya biya ni kuɗin talla.

Ƙarshen 2018 muka shiga gidan nan, a wata unguwa kudu da birni, bayanmu akwai rafi da ke gangarawa Kogin Minisota. Bishiya uku muka tarar, duk irin wadda suke kira ash. Babbar tana ƙofar gida, ita ce ma ta ja hankalin maman yara ranar da muka zo duba gidan, tace inuwarta ta tuna mata da darbejiyar ƙofar gidansu. Ta biyu tana tsakiyar filin baya, ta ukun tana can jikin shinge dab da rafi. Ni a lokacin bishiya bishiya ce a wurina, ban san ash ba ban san ƙwaronta ba, wanda ya sayar mana da gidan kuma bai ce uffan ba.

Cikin hunturun 2020 na fara lura da tsuntsayen nan masu ƙwanƙwasa itace sun tare a ta jikin shingen, tun asuba kas kas kas kamar kafinta, ɓawo na zubowa kan dusar ƙanƙara, jikin bishiyar yana yin fari fari kamar an kankare shi da wuƙa. Har bidiyo na ɗauka na tura wa yara a gida wai su ga tsuntsun Amurka. Ashe ni ake yi wa sallama ban sani ba. Tsuntsun tsutsa yake haƙowa, kuma duk bishiyar da ka ga sun yi wa wannan taron to cikinta ya riga ya cika.

Shi ƙwaron, Turawa na ce masa emerald ash borer, nan kowa EAB yake cewa. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai fi rabin inci ba, kore shar mai ƙyalli, wlh in ka gan shi sai kace abin ado ne. Asalinsa gabashin Asiya, Chaina da Koriya da gabashin Rasha, can bishiyoyinsu sun saba da shi ba ya yi musu ɓarna sosai. A 2002 aka fara gano shi kusa da Ditroit a jihar Mishigan da kuma Winsa a tsallaken Kanada, ana kyautata zaton cikin katakon da ake ɗaure kayan jirgin ruwa ya shigo tun shekarun 1990. Nan jiharmu a Sen Pol aka fara ganinsa a 2009. Yanzu ya shiga jiha sama da 35. Shi babban ba wata ɓarna yake yi ba, ɗan gefen ganye yake ci. Macen ce ke saka ƙwai a tsagar ɓawo, tsutsar ta fito ta shige ƙarƙashin ɓawon tana cin daidai wurin da abinci da ruwa ke bi, tana zana hanya a karkace kamar sawun maciji a yashi, in hanyoyin suka haɗu suka zagaye gindin shi kenan an shaƙe bishiyar, shekara 3 zuwa 5 ta bushe.

Maƙwabcina, wani dattijo mai kirki da ya fi shekara 30 a layin, shi ya fara kwantar min da hankali da maganar da ta kusa sa ni asara. Yace kar in damu, ai sanyin Janairun 2019 ya gama da su. Kuma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, waɗanda suke nan sun tuna sanyin, ma'auni ya sauka har wajen 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma binciken hukumar gandun daji ta Amurka ya nuna in sanyi ya kai 34 ƙasa da sifili kusan kashi 98 na tsutsar na mutuwa. Sai dai ita tsutsar ba a fili take kwana ba, tana ƙarƙashin ɓawo, wata ma a gindi inda ƙanƙara ta lulluɓe kamar bargo, kuma ragowar da ta tsira ta isa ta sake cika gari. Shi dattijon bishiyarsa biyu aka sare a 2022.

Kamfanin da na ɗauka ba su ne na farko da suka zo ba. Na farko wani ne mai bin gida gida da takarda a hannu, ko zagaya bishiyar bai yi ba yace duka ukun zai yi wa magani a ba shi kuɗi yau akwai ragi. Na tambaye shi lasisin feshi sai ya hau kame kame, na sallame shi. Waɗannan kuma a intanet na same su, na kira aka ba ni rana, aka turo wani ma'aikaci mai takardar shaidar ƙwarewa a harkar bishiya, kuma zuwa dubawa kyauta ne.

Gaskiya mutumin nan shi ne dalilin da yasa har yau nake tare da su. Ya zo da ɗan tef ya auna kaurin kowace bishiya daidai tsayin ƙirji, don da inci suke lissafin kuɗi, babbar inci 24, ta tsakiya 14. Ya ja baya can bakin titi ya daɗe yana kallon sama. Da muka je ta jikin shinge ko tef ɗin bai fitar ba, wuƙa ya ciro ya ɓamɓare ɓawo kamar faɗin tafin hannu, sai ga zanen nan birjik cike da gari kamar dusa, ya kuma nuna min 'yan ramuka ƙanana, gefe ɗaya a miƙe gefe ɗaya a zagaye kamar harafin D, yace ta nan manyan suke fita. Yace wannan ta tafi, ko nawa na kashe ba za ta dawo ba, don maganin a jijiyar bishiya yake tafiya, in jijiyar ta yanke ba hanyar da zai bi ya hau sama. Babbar yace lafiyarta ƙalau, ganyen da ta rasa kaɗan ne, a yi mata yanzu. Ta tsakiyar ce ya tsaya yana jujjuya kai, yace ta rasa kusan rabin ganyenta, shi da tasa ce sare ta zai yi ya dasa wata, amma kuɗina ne. Ka ji fa, mutumin da in na yarda kamfaninsa ne zai ci riba shi ke hana ni.

Ni kuma da taurin kai nace a yi mata, yara na lilo a jikinta. Dala 11 kowane inci, babbar 264, ta tsakiya 154. Waccan 154 ɗin sadaka na yi da ita, a 2022 bishiyar ta ƙarasa bushewa. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Ranar allurar a watan Yuni ne, da safe wajen ƙarfe 8, yace da safe bishiya ta fi jan ruwa, kuma tun kwana 2 kafin nan suka turo saƙo in shayar da ita sosai in ba a yi ruwan sama ba. Na tsaya a kansa daga farko har ƙarshe don ni ban taɓa ganin an yi wa itace allura ba. Ya durƙusa a gindin inda saiwa ta fara buɗewa, ya ɗauko injin huda ya yi 'yan ramuka a zagaye, tsakanin kowanne kamar faɗin hannu, ya buga wasu 'yan toshe na roba a ciki da guduma, sannan ya jona siraran tiyo daga wata kwalba ya ɗan yi mata famfo. Sai ka ga maganin yana bin tiyo yana raguwa a hankali kamar ƙarin ruwa a asibiti, ƙaramar 'yata har tambaya ta yi ko bishiyar zazzaɓi take yi. Minti 40 bai cika ba ya gama babbar. Ta tsakiyar kuwa duk da ta fi ƙanƙanta ta fi daɗewa, gefe ɗaya ma ƙin sha ya yi, ya ɗago ya kalle ni bai ce komai ba. Ya buga wani ɗan ƙarfe mai shekara a jikin kowacce, ya ba ni takarda mai sunan maganin da adadin da ya zuba. Ba wari, ba feshi a iska, ba a ce mu kulle yara a ɗaki ba.

Sunan sinadarin emamectin benzoate. Da yamma ina waya da yayana da ke noma a Kadawa nake ba shi labari, na karanto masa sunan, sai ya fashe da dariya yace kai ai wannan shi muke fesa wa masara in tsutsar nan ta shiga, har tumatir muna yi wa. Nace Yaya da gaske? Yace to nawa suka caje ka, da na faɗa masa ya yi shiru yana lissafi da naira, can yace Allah ya shirye ka, itacen da ko 'ya'ya ba ya yi. Kuma gaskiyarsa ne sinadarin ɗaya ne, tsutsar masarar ma baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta je, a 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Wato mu an kai mana tasu, su an kawo musu na Asiya. Amma don Allah kar wani ya ji haka ya ce zai haɗa nasa a gida, haɗin na bishiya daban ne kuma mai ƙarfin sai mai lasisi ake sayar wa. Akwai wanda ake sayarwa a manyan shaguna na zubawa a gindi, imidacloprid, shi duk shekara ake yi kuma a kan babbar bishiya bai kai allurar ba, ga shi ni da rafi a bayana ba na son abin da zai bi ƙasa ya shiga ruwa.

To ya aiki? Babbar tana nan, shekara 5 kenan, an yi mata a 2020 da 2022 da 2024. Har farin 2021 da ya ƙona ciyawar kowa ta wuce shi, ni dai na riƙa shayar da ita. Ramukan hudar farko duk sun rufe, sai ka duba da kyau za ka ga tabo. A layinmu da akwai ash sun fi 10, yanzu saura 3, kuma duka ukun masu ɗan ƙarfen nan ne a jiki. Wannan ya ishe ni shaida, kuma ya yi daidai da abin da jami'o'in Mishigan da Ohayo suka samu a gwajinsu, cewa allura ɗaya na kashe sama da kashi 99 na tsutsar har shekara 2. Abin da nake so mutane su gane shi ne ba warkewa ake yi ba. Kamar kuɗin haya ne, duk shekara 2 sai ka biya, ranar da ka daina ƙwaro na nan yana jira. Kuma bishiya ƙara kauri take yi, farashin inci ma hawa yake, na biya 300 a 2022, na biya 338 a 2024.

Yanzu ƙorafi, kuma duk a ofishinsu yake ba a ma'aikatan fili ba. Saran ta jikin shinge sai da suka ɗaga min rana sau 2, na biyun ma da safen ranar aka kira ni bayan na riga na ɗauki hutu a wurin aiki. Jiran kaka kam na gane dalilinsa, nan jihar ana ba da shawarar kar a sare ash daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba don lokacin ƙwaron ke tashi, in ka ɗauki itacen ka zaga gari da shi rabon ƙwaro kake yi. Amma ɗaga ranar ba ruwan ƙwaro. Sannan dala 1,900 da aka rubuta min ashe ban da cire kututture, an sa a ƙasan takarda da rubutu ƙanana, sai da suka tattara kaya na ga kututture zaune nace wannan fa, aka ce wani aiki ne daban, 250. Motarsu mai ƙugiya ta bar min rami biyu a ciyawa, na kira sau 3 kafin aka turo wanda ya cike. Na ƙarshe, sun saka ni a tsarin sabuntawa kai tsaye ba tare da an faɗa min da baki ba, a 2022 kawai na ga bil har da bishiyar da ta mutu. Sun cire da na yi magana, sun ba da haƙuri, amma da ban duba ba fa?

Tsadar saran ma akwai dalili. Ash in ta bushe gautsi gare ta, reshe na iya karyewa ba gargaɗi, shi yasa ma'aikata ba sa yarda su hau da igiya sai da mota, kuma mota kuɗi ce. Ta tsakiyar da na yi wa gardama da na sare ta tun tana da ɗan rai da ta fi araha.

Abin da ya fi tsaya min a rai bai shafi kuɗi ba. Zuwan ma'aikacin allurar na biyu da ya gama sai nace ya zo ya ga bayan shinge, muka gangara bakin rafin. Wurin da a 2019 in ka shiga da rana tsaka duhu duhu ne da sanyi, yanzu rana ce fetal, matattun ash tsaye kamar turakun wuta, wasu sun faɗa cikin ruwa sun tare shara, gaɓar rafin ta fara zaizayewa inda saiwa ta saki. Ƙasa kuma wata ciyawa mai tsayi da wani ɗan itace da aka kawo daga Turai sun cinye ko'ina, ba sa barin komai ya tsiro. Nace to waɗannan ba za a yi musu allura ba? Ya yi murmushi yace Minisota kaɗai tana da ash kusan biliyan 1, wa zai durƙusa gindin kowacce duk shekara 2. Ko hukumar lambunan Miniyapolis da kuɗinta sarewa ta zaɓa, guda 40,000 cikin shekara 8 daga 2014, tana dasa wasu iri daban daban.

Daga ranar na shiga karance karance. A kudu maso gabashin Mishigan, yankin Kogin Huron kusa da inda abin ya fara, masu bincike sun tarar zuwa 2009 sama da kashi 99 na ash ɗin dajin sun mutu. Amma wanda ya fi ba ni mamaki na arewacin jiharmu ne, a gandun dajin Chippewa. Can akwai wata iri da ake kira baƙar ash mai son fadama, dajinta a faɗin jihar ya kai wajen eka miliyan 1, kuma wurare da yawa kusan ita kaɗai ce bishiyar da ke wurin. Tun wajen 2012, kafin ƙwaron ya isa, masu bincike na hukumar gandun daji da Jami'ar Minisota suka riƙa yanke ɓawon bishiyoyi a zagaye da gangan don su mutu a tsaye kamar yadda ƙwaro zai yi, suka kafa bututu suna auna ruwan ƙasa. Sai suka ga ashe bishiyoyin famfo ne, su ke zuƙe ruwan fadamar da bazara, da suka mutu ruwan ya daina sauka yadda ya saba, ƙasa ta daɗe a jiƙe, kuma in ta jiƙe haka 'ya'yan bishiya ba sa kamawa. Tsoron shi ne daji ya koma dausayin ciyawa. Ina karantawa na ga hoton ɗaya daga ciyayin da ke shiga irin wannan wuri, nace kai wannan ai kachalla ce, dangin wadda ta toshe magudanan Haɗejiya da Nguru. Duk wanda ya san abin da ta yi wa masunta da manoman can ba sai an yi masa dogon bayani ba. A wannan gwajin dai sun dasa wasu itatuwa don ganin wanda zai iya maye gurbi, wani irin itacen oak mai jure fadama yana cikin waɗanda suka fi kamawa. Mutanen Ojibwe kuwa, 'yan asalin yankin, da baƙar ash suke saƙa kwandunansu na gado, su asararsu ba a dala take ba. Kuma abin bai tsaya ba, a 2022 an ga ƙwaron a jihar Oregon, inda ash ɗinsu ke yi wa rafukan kifi inuwa.

Na daji abin da ake gwadawa shi ne wasu 'yan ƙananan zanzaro da aka ɗauko daga Asiya, abokan gabarsa na asali, ba sa harbin mutum, wani ma bai fi ƙwayar gero ba, suna saka ƙwansu a jikin ƙwai ko tsutsar ƙwaron. An fara sakinsu a Mishigan a 2007, nan jihar a 2010. Manyan bishiyoyi dai ba su cece su ba, fatan shi ne ƙananan da ke tasowa su samu sarari. Akwai kuma masu bin daji a Ohayo suna neman ɗaiɗaikun ash da suka tsira a inda duk sauran suka mutu don a samu iri mai juriya. Duk wannan aikin shekaru ne, ba na bishiyar ƙofar gidanka da ke zubar da ɓawo yau ba.

Maki na: ma'aikatan fili 5 cikin 5, maganin 5, ofis 2 da ƙyar. A dunƙule 4, kuma zan sake kiransu. In kana da ash mai lafiya a wuri mai amfani, tana yi wa gida inuwa, ganyen da ta rasa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, yi mata, lissafin kuɗin allurar shekara 10 bai kai na sarewa da dasa sabuwa ba, balle jiran shekara 20 kafin ta yi inuwa. In ƙarama ce ko ta riga ta yi nisa kar ka yi irin nawa. Ka nemi ganin lasisi, ka tambayi sunan sinadarin a rubuce, ka tambayi kututture da bakinka, ka karanta ƙasan takarda. Masu zuwa gasa nama a daji da sallah kuma don Allah ku sayi itacen wuta a can inda za ku ƙona shi, ƙwaron da fiffikensa ba ya nisa sosai a shekara, a but ɗin mota yake yin tafiyar mil 100.

Inda aka cire biyun baya na dasa oak ɗin fadamar nan guda ɗaya da wata bishiya da ake kira hackberry, shi ma'aikacin ne yace kar in kuskura in dasa iri ɗaya. Oak ɗin yanzu ya ɗan fi ni tsayi, lilo kam sai dai jikoki. Allura ta gaba Yunin 2026 in Allah ya kai mu, kuma na riga na ce musu wannan karon su kira ni kafin su turo bil.